GUZURIN IYALI ZUWA TARO

Yanzu da an gama girbi, hanyoyi kuma sun bushe, lokacin tarurrukan ekklesiya ya zo. Iyalai da yawa za su bar gida kwana uku ko huɗu, su kwana cikin ajin makaranta ko ƙarƙashin rumfar zana, inda ba madafa sai duwatsu uku, itace kuwa sai an saya. Domin wannan muna so mu yi nazari a kan guzuri. Ku fara buɗe Fitowa sura 12, ku karanta daga aya 1 zuwa 11, kāna daga 33 zuwa 39.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan Littafi Mai Tsarki da maganar tukunya? To, ku lura. A daren da Allah ya fitar da jama'arsa daga Masar, maza wajen 600,000 ban da yara, shi da kansa ya shirya abin da za su ci. Kowane gida ɗan rago ɗaya. Idan mutanen gidan ba za su iya cinye shi ba, sai su haɗa da maƙwabci, a ƙidaya mutane, a kuma lissafta abin da kowane ɗaya zai iya ci. Gasa naman za a yi, ba dafawa da ruwa ba, abin da ya rage har safiya kuwa a ƙone shi. Sa'ad da suka tashi, suka ɗauki ƙullunsu tun ba a sa masa yisti ba, cikin akusa naɗe da mayafi, a kafaɗa. Mun sani ma'anar daren nan ta wuce maganar ci nesa, gama ɗan ragon yana nuna Almasihu ne. Amma Allah wanda ya tanada ceto bai rena cikin yaro ko na tsoho ba.

Aya 4 ita ce muke so ta zauna a zukatanmu. Mu mukan ƙidaya kawuna, mu manta cikkuna ba ɗaya ba ne. Maigida ya sauka a tasha, ya sayo kilishi da burodi da lemon kwalba, domin su ransa yake so. Ga tsohuwa ba haƙora, ga ƙanensa mai ciwon sukari, ga yaron da aka yaye bara. Abinci ya cika jaka, rabin iyali kuwa suna jin yunwa. Yakubu ya fi mu hikima. Cikin Farawa 33, da Isuwa ya ce su yi tafiya tare, Yakubu ya roƙe shi ya wuce gaba, gama yaran ba su da ƙarfi, shi zai bi a hankali gwargwadon tafiyarsu. Haka ya kamata a shirya guzuri. A fara da wanda ya fi kowa rashin ƙarfi. Abin da shi zai iya ci, mai lafiya ma zai iya.

Mu ɗauki mai ciwon sukari. Garin rogo jiƙe da sukari, farin burodi, lemon kwalba, da dakuwa, waɗannan su ne guzurin da aka saba, su ne kuwa suke hau da sukarin jininsa da sauri. Wake, dafaffen ƙwai, gyaɗa, da zogale sun fi masa. Amma akwai hatsarin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya sha maganinsa ko ya yi allura da safe, sa'an nan wa'azi ya yi tsawo har azahar ta wuce bai ci kome ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa. Sai ka ga yana rawar jiki, gumi yana keto masa, yana jin jiri. Nan da nan a ba shi dabino ko ruwan sukari, idan yana iya haɗiya, daga baya a ba shi abinci sosai. Saboda haka kada aljihunsa ya rabu da dabino uku ko huɗu. Mu masu shirya taro kuma mu riƙe lokacin cin abinci, kada kuwa mu ɗora wa irin wannan ɗan'uwa azumi.

Mai hawan jini, nasa da sauƙi. Gishiri, dunƙulen miya, da kanwa su ne abokan gābansa, kilishi kuwa cike yake da gishiri. Uwargida ta ɗebe masa nasa tukuna, kāna ta zuba gishiri domin sauran.

Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Da sun taɓa ta sai ƙaiƙayi da kumburin baki, wani lokaci har numfashi ya sarƙe, sai an garzaya asibiti. A tuna gyaɗa tana ɓoye cikin ƙuli-ƙuli, da kilishi, da yajin tsire, da mai. Gyaɗar da ta yi funfuna kuwa ba ta kowa ba ce. A zubar da ita, gama dafin da ke ciki yana ɓata hanta, suya ba ta kashe shi. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa ya ishe shi, kada kuma a ba yaro zuma kafin ya cika shekara.

To, da murhu ɗaya da tukunya ɗaya, me za a dafa? A ganinmu a bar tuwo a gida. Yana bukatar tukunya biyu, da muciya, da itace mai yawa. Wake ma gudansa yana cinye itace kafin ya nuna. Amma garin ɗanwake yana dahuwa cikin ɗan lokaci, tsohuwa tana iya taunawa, kowa kuma ya sa mai da yaji a kwanonsa yadda ya ga dama. A rage kanwa, ko a bar ta. Da safe garin kunu, ba sukari, mai so ya zuba nasa. Busasshen zogale ba shi da nauyi, ana tafasa shi a yi kwaɗo. Albasa da mai cikin kwalba, shi ke nan an gama.

Dafaffen abincin da aka taso da shi daga gida na ranar farko ne kaɗai, a ci shi da wuri. Masanan lafiya suna gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba wuta, balle shinkafa da miya a rufe cikin zafin watan Maris. Kun tuna waɗanda suka ajiye manna har safiya, cikin Fitowa 16, yadda ta yi tsutsa ta yi wari. Uwa mai tattali takan ji zafin zubar da abinci, mun sani, amma kuɗin magani ya fi kuɗin kwanon shinkafa. Aikin fari na tukunyar nan kuwa shi ne tafasa ruwan sha. Idan zawo ya kama yaro, a sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a kuma kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Saura iri ɗaya, wanda likita bai hana shi kome ba, lamirinsa ne ya hana shi. Cikinmu akwai masu bi da suka taso ba su taɓa cin naman alade ba, akwai kuma waɗanda suka fito daga tsafi, suna tsoron kowane naman da ba su san inda aka yanka shi ba. Bulus ya sami irin wannan a Roma, inda waɗansu suka bar nama sam, sai ganye. Cikin Romawa 14 ya yarda ba abincin da yake ƙazami a kan kansa, duk da haka ya hana mai ci ya rena wanda ba ya ci, ya kuma ce gara a bar naman da a sa ɗan'uwa tuntuɓe. Idan akwai irin wannan cikin masu tafiya tare da ku, kada ku sa cikin tukunya abin da zai sa ya janye hannunsa. Kwana uku ba nama ba ya kashe kowa.

Dattawa su yi shela tun ranar Lahadi da ta gabaci tafiya, domin ƙananan gidaje su haɗu biyu biyu a kan murhu ɗaya, su raba kuɗin itace. A rubuta sunan gwauruwa da na saurayin da ba shi da mai dafa masa, a san tukunyar da kowannensu zai ci, a ƙara mudu ɗaya na gari dominsa tun kafin a ɗaure kaya.