Ƙwallon Kwando: Yadda Jamus Ta Ƙwace Kofin Duniya Amurka Na Kallo

Kwanakin baya gardama ta kaure a ɗakinmu na hostel bayan an ɗauke wuta. Wani abokina ya dage cewa babu wata ƙasa a duniya da za ta iya tsayawa gaban Amurka a ƙwallon kwando, tunda a can ake buga NBA. Na ce masa ai a gasar cin kofin duniya ta 2023 ko tagulla Amurka ba ta samu ba. Ya ce wallahi ƙarya ne, sai da muka duba a waya. Daga nan na gane da yawanmu mun haddace tarihin Madrid da Arsenal, amma wannan gasa ko sunanta ba mu cika ji ba, alhali Najeriya na cikin ƙasashen da ke neman gurbi a cikinta. Shi ya sa na ce bari mu ɗan yi darasi a kai: yadda gasar take, dokokinta, da dalilin da ya sa tarin taurari ba ya wadatarwa.

Asalin gasar

Wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, James Naismith, shi ya ƙirƙiro wasan a 1891 a garin Springfield na Amurka. A 1932 aka kafa FIBA, hukumar da ke kula da wasan a duniya, kamar dai yadda FIFA take a ƙwallon ƙafa. Gasar duniya ta farko ta maza an yi ta a 1950 a Ajantina, kuma masu masaukin ne suka lashe. Kofin da ake ba zakara yana ɗauke da sunan Naismith. Amurka ta ci sau biyar (1954, 1986, 1994, 2010, 2014), tsohuwar Yugoslabiya ma sau biyar. Tun 2014 kuwa Amurka ba ta sake ɗaga shi ba. A 2019 a ƙasar Sin ta ƙare a matsayi na bakwai, Sifaniya ta ɗauka.

Gasar 2023 ƙasashe uku suka haɗu suka karɓi baƙuncinta: Filifin, Japan da Indunusiya, daga 25 ga Agusta zuwa 10 ga Satumba. Ƙasashe 32 suka shiga, aka raba su rukuni takwas, huɗu-huɗu. Biyun da suka fi ƙoƙari a kowane rukuni su wuce zagaye na biyu, kuma suna tafiya da sakamakonsu na zagayen farko, ba a goge shi. Daga nan ƙasashe takwas su shiga zagayen da in an ci ka sai gida. Babu canjaras a wannan wasa. In lokaci ya cika maki ɗaya ne, sai a ƙara minti biyar, a yi ta ƙarawa har wani ya yi nasara.

Dokokin FIBA daban, na NBA daban

A nan yawancin masu gardama ke yin kuskure. Kwandon ɗaya ne, tsayinsa mita 3.05, mutum biyar-biyar ne a fili, amma akwai bambance-bambance guda biyar da ke sauya yanayin wasan.

Na farko, lokaci. A FIBA minti 40 ake bugawa, kashi huɗu, minti goma-goma. A NBA minti 48 ne. Minti takwas ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙungiyar da ta fi ƙarfi in ta yi sakaci da farko ba ta da isasshen lokacin ramawa.

Na biyu, laifi. Ɗan wasa ya yi laifi biyar a FIBA ya fita kenan, ba zai dawo ba a wannan wasan. A NBA sai ya yi shida. Ka ga mai tsaron da ya saba da duka da turi, in ya kwashi biyu tun a kashin farko, dole koci ya zaunar da shi.

Na uku, layin maki uku. Wanda ya jefa daga bayan wannan layi ta shiga, maki uku ya samu maimakon biyu. A FIBA nisan layin mita 6.75 ne, a NBA kuwa ya kai mita 7.24 daga tsakiya. Tunda layin ya fi kusa, fili yana matsewa, masu tsaro suna cunkushewa wuri guda, ratsawa da gudu ta yi wuya.

Na huɗu, a NBA mai tsaro ba zai tsaya a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku ba in ba wani yake tsarewa ba. A FIBA babu wannan doka. Dogon mutum sai ya kafa kansa a wurin kamar turke, duk wanda ya taho ya tarar da shi.

Na biyar, da zarar ƙwallo ta taɓa zoben kwando, a FIBA an yarda ka doke ta ka fitar ko ka tura ta ciki. A NBA haramun ne ka taɓa ta muddin tana saman zoben.

In ka haɗa waɗannan, za ka ga wasan FIBA ya fi dacewa da 'yan wasan da suka san juna, masu miƙa ƙwallo da sauri da harbi daga nesa, fiye da gwani ɗaya mai yanka mutane shi kaɗai.

Abin da ya faru a Manila

Duk 'yan wasan Amurka goma sha biyu daga NBA suka zo, irin su Anthony Edwards, Jalen Brunson da Tyrese Haliburton, ga kuma Steve Kerr a matsayin koci. Sai dai 'yan makonni kaɗan kafin gasar aka haɗa su. Lituwaniya ce ta fara tona musu asiri a zagaye na biyu, ta ci su 110 da 104.

Jamus kuwa 'yan NBA huɗu kawai ta zo da su: Dennis Schröder, Daniel Theis, da wa da ƙani Moritz da Franz Wagner. Sauran duk a ƙungiyoyin Turai suke. Amma kocinsu Gordon Herbert tun da ya kama aiki ya nemi 'yan wasan su yi masa alkawarin zama tare na shekara uku. A 2022 suka ɗauki tagulla a gasar Turai. Da suka iso gasar duniya, kowa ya riga ya san inda ɗan uwansa yake son a ba shi ƙwallo. Franz Wagner ya ji rauni a idon sawu tun a wasan farko da Japan, ya yi wasanni huɗu yana benci, amma ba a ci su ko ɗaya ba.

A wasan kusa da na ƙarshe suka haɗu da Amurka, Jamus ta yi nasara 113 da 111. Kuma ka san wa ya fi kowa zura maki a ɓangaren Jamus a ranar? Andreas Obst ne, ɗan wasan Bayern Munich da bai taɓa buga NBA ba, ya zuba maki 24. A wasan ƙarshe, ranar 10 ga Satumba, Jamus ta doke Sabiya 83 da 77, ta ɗauki kofin karon farko a tarihinta, wasa takwas nasara takwas. Schröder, wanda mahaifiyarsa 'yar Gambiya ce, ya ci maki 28 a ranar kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar. A wannan ranar dai Kanada ta hana Amurka tagulla, 127 da 118 bayan ƙarin lokaci.

Na san wani zai ce, ai manyan Amurka irin su LeBron James da Stephen Curry ba su je ba. Gaskiya ne, kuma da suka je Olamfik ta Paris a 2024 sun ɗauki zinare. Amma Sabiya ma ta je Manila ba tare da Nikola Jokić ba, mutumin da ya ci kofin NBA a shekarar, duk da haka ta kai wasan ƙarshe. Ba Amurka kaɗai ce ta rasa manyanta ba.

Kafin a je, sai an samu gurbi

Afirka gurbi biyar take da shi. Ana neman sa ne ta wasannin share fage da ake warwatsawa cikin fiye da shekara guda, wasu a Nuwamba, wasu a Fabrairu, wasu lokacin damina. A Nuwamba da Fabrairu NBA tana tsakiyar kaka, ba ta sakin 'yan wasanta. Wato ƙasar da ta dogara kacokan ga 'ya'yanta da ke NBA, a daidai lokacin da take buƙatarsu ba za ta gan su ba. Haka kuma a lokacin gasar 2023 FIBA ba ta yarda ƙasa ta saka fiye da ɗan wasa ɗaya da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa bayan ya wuce shekara 16 ba, don haka ba a sayen tawaga da fasfo.

Waɗanda suka wakilci Afirka a 2023 su ne Angola, Masar, Kwaddibuwa, Cape Verde da Sudan ta Kudu. Ka sake karanta jerin. Babu Najeriya.

Abin da ciwo, domin D'Tigers ba ƙananan yara ba ne. A 2015 sun ci kofin Afirka a Tunisiya, suka doke Angola 74 da 65. A 2019 su ne suka fi kowace ƙasar Afirka ƙoƙari a gasar duniya, abin da ya ba su tikitin Olamfik ta Tokyo. A Yulin 2021 a Las Vegas suka ci Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi hakan, shekara tara bayan Amurkan ta yi musu 156 da 73 a Landan. Sai dai a gida rikicin shugabanci ya daɗe yana cin hukumar wasan ta ƙasa. A watan Mayun 2022, ana tsaka da share fage, gwamnati ta sanar da janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu. An soke matakin a watan Yuni, amma kafin nan matan, D'Tigress, sun riga sun rasa gurbinsu na gasar duniya, aka ba Mali. Mazan sun ci gaba da bugawa, amma ba su kai labari ba.

Yanzu dubi Sudan ta Kudu. A 2011 ta samu 'yanci. Lokacin share fagen ba ta da ko filin wasa na cikin ɗaki da ya cika sharuɗɗa, duk wasanninta a ƙasashen waje ta buga. Tsohon ɗan wasan NBA Luol Deng ya karɓi shugabancin hukumarsu a 2019, ya tattaro yaran da yaƙi ya watsa iyayensu zuwa Ostireliya, Amurka da Kanada, yana kashe kuɗin aljihunsa, ya riƙe su wuri guda. Cikin wasanni 12 na share fage suka ci 11. A gasar kanta, ƙarƙashin koci Royal Ivey, suka doke Sin da Filifin da Angola, suka fi duk ƙasashen Afirka, suka samu tikitin Paris. Kafin Olamfik ɗin, a wasan sada zumunci a Landan, da maki ɗaya tak Amurka mai LeBron ta sha da ƙyar a hannunsu, 101 da 100.

In gwanaye ake ƙirgawa, 'yan asalin Najeriya da ke NBA sun fi na Sudan ta Kudu yawa nesa ba kusa ba. Abin da su suka samu mu muka rasa shi ne shugabanci ɗaya da tawaga ɗaya da ta daɗe tare.

Yadda za ka kalli wasa ka fahimta

In ka samu damar kallo, kada idonka ya tsaya kan mai riƙe da ƙwallo kawai. Duba agogon da ke saman allon kwando: daƙiƙa 24 ƙungiya take da shi ta yi harbi, takwas daga ciki ta tsallaka tsakiyar fili. Ƙirga sau nawa aka miƙa ƙwallon kafin a harba. Lura da wanda ke kwasar ƙwallon da ta bugi zobe ta dawo, domin duk wadda 'yan gaba suka sake kamawa dama ce ta biyu. Sannan ka riƙa bin lissafin laifin dogayen 'yan wasa. Da waɗannan abubuwa huɗu, tun kafin hutun rabin lokaci za ka fara hango inda wasan ya dosa.

Gasa ta gaba a Katar za a yi ta a 2027, karon farko a ƙasar Larabawa. Ko Najeriya za ta je ko ba za ta je ba, ba a Doha za a yanke ba, a wasannin share fagen da ba kowa ke damuwa ya kalla ba ne. Ni dai shawarata ga sabbin ɗalibai, ku riƙa leƙa filin kwandonmu da yamma. In za ku haɗa tawagar sashenku don gasar makaranta, ku fara atisaye tare tun farkon zango, kada ku jira saura kwana uku ku je kuna neman dogo a wani sashe. Abokin nan nawa har yau bai sauka daga kan bakansa ba, ya ce mu haɗu a 2027. Ni lokacin na bar makaranta, amma na karɓi lambarsa.