Yadda Za Mu Karanta Littafin Shaihu Umar

Darasinmu na wannan mako a kan littafin Shaihu Umar ne, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta, kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. Ya shigar da shi gasar rubuta ƙagaggun labarai ta Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki.

A taƙaice, Umar yaro ne ɗan garin Kagara da aka sace yana ƙarami. Wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano, ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa har ya zama malami. Mahaifiyarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Da ƙyar suka sake haɗuwa, ba da jimawa ba ta rasu.

Irin wannan littafi ƙagagge ne, amma an gina shi a kan tarihi. Don haka mai karatu ya raba shafin littafin rubutunsa gida biyu.

A gida na farko ka rubuta abin da ya faru da gaske: harin kama bayi, kasuwar Kano, da ayarin raƙuma da ke bin hanyar Murzuk zuwa Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yau. Ka tuna kuma cewa sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, wato shekara biyu bayan fitowar littafin. Ke nan waɗanda suka fara karanta shi sun san bayi ido da ido.

A gida na biyu ka rubuta abin da marubuci ya ƙaga: Umar, mahaifiyarsa, Makau da maganganunsu. Kada ka kai su jarrabawar tarihi. Aikinsu shi ne su sa ka ji zafin abin a zuciyarka. Mu 'yan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ba sai an fassara mana kukan uwar da aka sace wa ɗa ba.

Ga aikin gida. Garuruwanmu ma suna da tarihi: Namoda na Alibawa, faɗuwar Alƙalawa a 1808, da isowar jirgin ƙasa Ƙaura a 1929. Ka tambayi kakanka ko kakarka abu ɗaya daga ciki, ka ƙagi yaro ko yarinya da suka rayu a lokacin, ka rubuta labarinsu a shafi ɗaya. Sharaɗin shi ne kada ka sauya shekara ko sunan gari. A miƙa wa kulob ɗinmu kafin Juma'a, wanda ya fi kyau za a liƙa shi a wannan allo.