Kafofin Sada Zumunta A Matsayin Hanyar Jawo Masu Karatu: Nazari A Kan Marubutan Ƙagaggun Labaran Hausa

Tun lokacin da aka shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, babbar matsalar marubucin Hausa ita ce yadda littafinsa zai kai ga hannun mai karatu. A wancan zamani hukuma ce ke ɗauke da wannan nauyi, ta buga, ta rarraba a makarantu. Da aka shiga zamanin Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1980, sai marubuci ya koma shi ne mawallafi, shi ne ɗan talla. Littafi kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya yaɗu ne ta hannun 'yan kasuwa da masu ba da hayar littattafai da kuma aro tsakanin ƙawaye.

Shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, da bayyanar Facebook a 2004 da WhatsApp a 2009, su suka sauya wannan tsari. Marubuciya a yau (galibinsu mata ne) takan buɗe zaure a WhatsApp, ta riƙa sakin labarinta shafi-shafi. Shafukan farko kyauta ne, kuma takan roƙi masu karatu su tura wa 'yan'uwa. Su ne ke zame mata dillalai ba tare da lada ba. Idan labari ya kai inda hankali ya tashi, watau daidai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, sai ta tsaya, ta sanar cewa ci gaba sai an biya, ta asusun banki ko da katin waya. Wanda ya biya shi ake sakawa a zaure na musamman.

A Facebook dabarar ta ɗan bambanta. Tsarin kafar yakan fi nuna wa jama'a rubutun da aka yi ta tofa albarkacin baki a kansa, saboda haka marubuta kan rufe kowane shafi da tambaya: shin laifin uwargida ne ko na amarya? Gardamar da za ta biyo baya ita ce tallar.

Abin da ya kamata manazarci ya lura da shi shi ne, wannan hanya ta fara taɓa zubi da tsarin labarin kansa. Tun da kowane shafi dole ya riƙe mai karatu zuwa gobe, sai rikici ya yi yawa, warwara ta yi ta jinkiri, labarin da ya isa littafi guda ya miƙe har kashi uku. Sau da yawa kuma ra'ayin masu karatu kan juya alƙalamin marubuciya, ta raya tauraron da ta yi niyyar kashewa. Wannan ya fi kama da halin mai tatsuniya a gaban yara fiye da na marubuci a ɗakinsa. Ƙa'idojin rubutu ma sun sha wuya, domin babu edita a tsakani: haruffa masu ƙugiya sun ɓace, ana haɗa kalmomin da ya kamata a raba, Ingausa ta yi katutu.

Har ila yau, sauƙin turawa da ke jawo masu karatu shi ne ke cutar da marubuciya, don mutum guda zai biya ya fitar da littafin ga ɗaruruwa. Shi ya sa shafuka da dama ke buɗewa da Allah-ya-isa. Ajiyar ma ba ta da tabbas. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a 2023, alhali littattafan 1933 na nan a ɗakunan karatu ana nazarinsu.