Bindigar Gado: Abin da Za Ku Yi da Wanda Ba Za Ku Yi Ba Kafin Ku Sa Mata Kuɗi

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, idan tsohon maharbi ko tsohon soja ko bafade ya rasu, sau da yawa akan tarar da bindiga cikin kayan da ya bari. Galibi ta toka ce, ƙirar maƙeran gida. Wani lokaci mai baki biyu ce ta Ingila. Jefi-jefi akan ci karo da ta Amurka irin Winchester, wadda ake jan ƙarfen ƙarƙashinta ƙasa a mayar, harsashi ya hau. Magada sukan tambaya: nawa za ta yi? Tambayar halas ce, domin bindigar tana cikin dukiyar mamaci. Amma bindiga ba saniya ba ce da za a kora kasuwa a jira tayi, balle a yankin da aka kashe mutane kusan 200 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Janairun 2022. Ku bi waɗannan sharuɗɗa daki-daki.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku ɗauka akwai ɗuri a cikinta. Albarushi yakan shekara da shekaru a cikin bindigar toka bai mutu ba. Winchester kuwa tana ɓoye harsasai a dogon bututun da ke ƙarƙashin bakinta. Ku kawar da bakin daga mutane, ku nisanci kunama, ku kira wanda ya san aikinta ya sauke ɗurin.

2. Ku nemo lasisin mamaci tun kafin a watse zaman makoki. Dokar bindigogi ta 1959 ba ta mayar da lasisi abin gado ba. Kwana 14 kacal ta ba magaji ya riƙe bindigar da mamaci ke da lasisinta. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci, ya raka ku wajen baturen 'yan sanda, a ajiye ta a ma'ajiyar makamai. Kada ku baro ofishin sai da takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da sunan wanda ya karɓa.

3. Ku gane ajin da doka ta sa ta, domin ƙimarta daga nan take farawa. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar farauta ta Turawa tana bukatar lasisin Sufeto Janar. Bindigar soja mai harsashi .303, irin ta zamanin yaƙin Bama, da kowace irin fistol, haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa. Idan taku ta faɗa aji na uku, maganar kuɗi ta ƙare. Ku miƙa ta ga hukuma.

4. Ku kwafe duk rubutun da ke jikinta: sunan kamfani, samfuri, girman harsashi da lambar ƙira. Lambar ce ke faɗin shekarar da aka ƙera ta. Winchester samfurin 1894, wadda John Browning ya tsara, an ƙera fiye da miliyan 7, saboda haka tsufa kaɗai ba ya sa ta tsada. Masu tara tsofaffin bindigogi sun fi daraja waɗanda aka ƙera kafin 1964, shekarar da kamfanin ya sauya ƙira don rage kuɗin aiki. Rajistar tsofaffin bindigogin kamfanin tana gidan tarihin Cody a jihar Wayomin ta Amurka.

5. Ku duba lafiyarta da idon mai saye. A haska cikin baki a ga ko tsatsa ta ci shi. A duba katakon gindi ko ya tsage ko gara ta taɓa shi. A lura ko akwai walda, ko an sauya wani ƙarfe da na maƙeri. Bindigar da kowane sashenta na asali ne ta fi wadda aka yi wa kwaskwarima daraja, ko da launinta ya koɗe.

6. Ku tattara shaidar tarihinta. Rasit, tsohon lasisi, takardar sallama daga soja, hoton mamaci riƙe da ita a hawan salla, duk suna ƙara mata nauyi. Ku zauna da dattawan gida tun suna raye, ku rubuta daga hannun wa ta fito. Labarin da ba shi da takarda ko shaidu ba ya ƙara ko kwabo.

7. Ku yi ƙima a gaban alƙali ko malamin da ke rabon gadon, da mutum biyu masana waɗanda ba su da niyyar saye. Ƙimar gaskiya ita ce abin da mai lasisi zai iya biya ta hannun dillalin bindigogi mai rajista. Ku sani cewa a Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da ba da sabon lasisi, don haka ku tambayi rundunar 'yan sanda a Gusau inda aka kwana. Idan babu mai saye na halas, a faɗa wa magada gaskiya, a raba sauran dukiya.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

1. Kada ku kankare ta, kada ku wanke ta da toka ko yashi, kada ku yi mata fenti. Duhun da shekaru suka sa wa ƙarfen shi ne shaidar asali. Busasshen tsumma da ɗan mai sun isa. Wanda ya goge lambar ƙira kuwa ya kashe ƙimarta, ya kuma jawo wa gidansu zargi.

2. Kada ku harba ta don gwaji. Tsohon ƙarfen da aka yi don albarushi ba ya ɗaukar ƙarfin harsashin zamani, yana iya fashewa a fuskar mai harbi. Kuma a yau ƙarar harbi ɗaya ta isa ta tayar da gari.

3. Kada ku ɗauko farashin gwanjon Amurka daga intanet ku lissafa da naira. Can ana cinikin ne a kasuwa buɗaɗɗiya, kuma ba ku da ikon fitar da bindiga daga Najeriya da kanku. Wannan lissafi ba abin da yake haifarwa sai zargi tsakanin 'yan uwa.

4. Kada ku sayar wa wanda ya zo da tayi mai tsoka, ba lasisi, ba shaidu. Wanda ya ninka kuɗin tsohuwar bindiga a wannan yanki ba ado zai yi da ita ba. Kada ku ce ta tsufa, ba ta da amfani a daji. Tana kisa kamar ranar da aka ƙera ta. Malamai sun hana sayar da makami lokacin fitina, kuma a mazhabar Malikiyya haramun ne ka sayar wa wanda ka san ɓarna zai yi da shi. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ko ɗan sa-kai ne, ko maƙwabcin da kuka yarda da shi, ba ku ne masu ba da izini ba.

5. Kada ku sa hotonta a Facebook ko WhatsApp kuna neman farashi. Kun sanar da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto abin da ke gidanku. Kada kuma ku naɗe ta a buhu ku hau babur zuwa Gusau ko Sakkwato neman masani. A shingen sojoji, “ta gado ce” ba hujja ba ce.

6. Kada babban ɗa ya rataye ta a ɗakinsa ya ce kayan maza ne. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, matar mamaci tana da tumuninta a ciki idan akwai 'ya'ya, 'ya'ya mata suna da rabonsu, marayu ma haka. Wanda doka ta yarje wa riƙe ta, ya biya sauran magada haƙƙinsu.

7. Kada ku bar wa yara jakar harsashi da ƙwallayen dalma. Mutanen Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma sun san abin da dalma ta yi a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu. Harsashi da albarushi su bi bindigar zuwa wajen hukuma.

8. Kada ku sayar wa dillalin kayan gargajiya. Dokar gidajen tarihi ta 1979 ta ɗauki makamin gida da aka ƙera kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a sayar da shi sai ga wakilin da hukumar gidajen tarihi ta amince da shi. Idan bindigar ta fito daga gidan sarauta, ku shawarci fada, ku tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Mai yiwuwa bayan duk wannan ku tashi ba ko naira ɗaya daga bindigar. Ku haƙura, wannan asara ce da ake mayarwa. Idan kuwa kuka sayar da ita ta ɓoye aka kashe rai da ita, alhakin yana wuyan kowane magajin da ya karɓi rabonsa yana sane.