Daidaita Hatsi da Ciyawa a Abincin Saniyar Tatsa

Saniyar tatsa na buƙatar abinci iri biyu: mai sitaci, kamar masara, dawa da rogo, da mai zare, kamar ciyawa, harawa da kara. Duka a babban tumbi suke haɗuwa, inda ƙananan ƙwayoyin halitta ke narkar da su. Sitaci ne ke samar da sukarin da ke ƙara yawan madara, zaren ciyawa kuma shi ke taimaka wa maiƙon da ake kaɗewa ya zama man shanu.

Ciyawa ce ke sa tuƙa. Lafiyayyar saniya kan yi awa 7 zuwa 8 a rana tana tuƙa, kuma babbar saniya mai yawan madara kan haɗiye miyau sama da lita 100. Miyan na ɗauke da sinadari irin na kanwa mai kashe tsamin tumbi. Hatsi kuwa, musamman wanda aka niƙa lukwi, da wuri yake narkewa, ba ya kuma jawo tuƙa sosai. Idan ya yi yawa sai tsami ya taru, ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.8, ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa su raunana.

A kashin saniya ma'aikacin dabbobi kan fara gane matsalar: ya tsinke, da kumfa, ga ƙwayoyin masara sun fito yadda suka shiga. Saniyar ta ci yau ta ƙi gobe, mai kaɗa nono ta ga man ya ragu, daga baya kofato ya kamu, ɗingishi ya biyo. An fi ganin haka a shanun da aka haɗa irin Friesian da Bunaji, domin su ake ɗura wa hatsi don neman madara. Ƙarancin sitaci ma illa ne: saniyar da ke kan busasshen kara kaɗai da rani takan cika ciki, amma ta rame, nono ya ja baya.

Saboda haka kada ciyawa da harawa su gaza kashi 40 cikin 100 na busasshen abincin. A fara ba da su kafin hatsi, a raba hatsin sau biyu ko uku a rana, a ɓarza shi maimakon niƙawa. Duk ƙari ko sauyin abinci a yi shi a hankali cikin mako biyu zuwa uku. Idan garke ya kwanta hutawa, ya kamata aƙalla rabin shanun su kasance suna tuƙa. In ba haka ba, a ƙara harawa, a rage hatsi.