Yadda ake auna tsadar rayuwa idan tukunya ta sauya

A kasuwar Gure, kan hanyar Damagaram zuwa Diffa, uwargida ba ta buƙatar alƙalami kafin ta san hatsi ya hau. Tiya ce ke gaya mata. Masu ƙididdiga kuwa sai sun bi ta hanya mai tsawo.

Daga gidaje ake farawa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar Nijar, INS, takan yi babban bincike, kamar na 2018 zuwa 2019 da na 2021 zuwa 2022, a tambayi magidanta nawa suka kashe a hatsi, shinkafa, mai, magani da kuɗin mota. A nan kowane kaya ke samun nauyinsa a lissafi. Shi ya sa ƙarin dala biyar a tiyar hatsi ya fi ƙarin jika a kuɗin rediyo motsa lissafi.

Sai a shiga kasuwannin da aka zaɓa, kowane wata, wurin 'yan kasuwa iri ɗaya, kan kaya iri ɗaya. Tiya ba kilo ba ce: wani ya yi mata tozo, wani ya shafe bakinta, don haka sai a ɗora a sikeli a fitar da kuɗin kilo. Daga nan a gwada da farashin shekarar da aka ɗauka tushe, bisa tsari guda da ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, masu kuɗi iri ɗaya, ke bi.

Wahalar tana zuwa ne a shekara irin 2023. A ƙarshen watan Mayu Najeriya ta janye tallafin fetur, man da ke tsallako iyaka ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya rufe iyakokin ƙasar ta ɓangaren Najeriya da Benin, shinkafar da ke biyowa ta Kwatano ta yi wuya. Gidan da ke dafa shinkafa ya koma tuwo da fura, amma a takarda nauyinta na nan yadda yake. Lissafin sai ya zuzuta tsadar abin da aka rage saye, ya raina ta hatsin da kowa ya koma kansa. Wannan kuskure ne mai ciwo, domin talaka ne ya fi sauya cimaka.

Gyaran shi ne a koma gidajen da ɗan gajeren bincike, a sabunta nauyin, a haɗa sabon lissafi da tsohon a wata guda da aka auna su tare, a kuma duba farashin hatsi da SIMA, mai bibiyar kasuwannin amfanin gona, ke tattarawa daga kasuwanni kowane mako.