Amsoshin Tambayoyinku: Wane inji ne zai iya da dattin kwamin ninkayarmu?

Tambaya: Ni ne ke kula da wani ƙaramin masaukin baƙi a Kaduna, kuma muna da kwamin ninkaya ginanne a ƙasa, tsawonsa mita 12, an lulluɓe shi da tayil. Yaron da ke share shi da hannu yana shan wahala, musamman da hunturu. Ina so in sayi injin da ke tsabtace kwami da kansa, amma iri-irinsu sun rikita ni. Wanne zan ɗauka? Daga mai karatunku a Kaduna.

Amsa: Kafin ka tambayi farashi, duba abu uku: irin dattin da ke faɗa wa ruwanka, ƙarfin wutar da kake samu, da kuma wanda zai gyara injin ranar da ya tsaya. Injinan kansu kashi uku ne.

Na farko mai zuƙa ne. Ana haɗa dogon tiyonsa da bakin da ke jan ruwa a gefen kwami, famfon kwamin ne ke tuƙa shi, datti kuma ya tafi matatar kwamin. Irinsa da ya fi suna, Kreepy Krauly, wani injiniya mai suna Ferdinand Chauvier ne ya ƙera shi a Afirka ta Kudu a shekarun 1970. Ya fi sauran araha, kayan cikinsa kaɗan ne, gyaransa ba wuya. Matsalarsa ita ce ba ya motsi sai famfo yana aiki, ganye mai yawa yana toshe shi, kuma matatar yashi tana saurin cika, sai an riƙa wanke ta ana asarar ruwa.

Na biyu shi ne mai aiki da ƙarfin ruwan da famfo ke turowa cikin kwami, kamar Polaris. Yana da jakarsa ta tara shara, don haka shi ne gwanin ganye da 'ya'yan itace. In darbejiya ko mangwaro sun yi wa kwaminka rumfa, zai yi maka amfani. Sai dai da yawansu suna buƙatar ƙarin famfo da bututun kansu, wanda ke nufin ƙarin wuta da fasa gini, kuma ƙura mai laushi tana zurarewa ta jakar.

Na uku shi ne robot, irin su Dolphin na kamfanin Maytronics. Ba ruwansa da famfon kwami. Yana da injinsa, da burushinsa, da matatarsa a ciki, yana bin ƙasa ya hau bango har layin ruwa inda maiƙo ke taruwa, ya gama cikin awa 2 zuwa 3. Wutar da yake ci ba ta cika wuce wat 200 ba, alhali famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wat 750 ko fiye. Ga mai sayen man janareta, ko mai amfani da sola, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Kuɗinsa kuwa ya fi na sauran nesa ba kusa ba.

Tunda kukanka na hunturu ne, shawarata robot. Ƙurar hazo ta fi yashi laushi ƙwarai, wani lokaci takan ratsa matatar yashi ta dawo cikin ruwa. Don haka ka nace a ba ka mai matata biyu: mai manyan ƙofofi don ganye, da mai laushi sosai don ƙura. Ka kuma gaya wa mai shago cewa kwaminka na tayil ne, domin burushin roba yakan zame a bango mai santsi, akwai na soso da aka yi don haka. Igiyar wutarsa ta kai daga inda za ka ajiye akwatin da ke ba shi wuta har lungu mafi nisa, da rara. Mita 18 za ta wadatar da kai. Akwai marasa igiya masu batir, amma ka tambayi tsawon lokacin da cajinsu ke ɗauka da inda za ka samu sabon batir.

Hattara da kayan da aka shigo da su daga Amurka. Wutarsu volt 120 ce, tamu 230, ka karanta jikin akwatin kafin ka jona. Ka sa masa sitabilaiza, ka ajiye akwatin aƙalla mita 3 daga bakin ruwa, a inuwa, kuma kada kowa ya shiga ninkaya injin yana ciki.

In kuɗin robot ya yi maka yawa, ko babu mai sayar da kayan gyaransa a Kaduna ko Abuja, ɗauki mai zuƙa, ka ƙara masa kwandon tare ganye a jikin tiyo. Da injin alfarma da zai shekara a sito yana jiran burushi, gara mai araha da ke aiki kullum.

Kuma kada ka sallami yaron nan. Inji shara kawai yake kwashewa, ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya hana gansakuka. Har yanzu sai an auna ruwa, a riƙe ma'aunin pH tsakanin 7.2 da 7.6, a zuba kulorin daidai, a goge matakala da hannu, a wanke matatar injin bayan kowane aiki. Ka tafi da shi ranar sayen, mai shago ya koya masa kwancewa da ɗaurawa a gabanka. Allah ya sa a dace.